Kwallar Huraira da Baƙin Ramin Sama

A Keffi in ka tambayi tsofaffin cikin gari wane ne Mijinyawa, sai su ce maka, "Wanne? Na makaranta, mai wanke kwalabe?" To shi ɗin. Bayan 'yan mata shida a jere aka haife shi, shi ya sa sunan ya bi shi har aka manta sunansa na yanka Abubakar. Wanda ya tashi a hannun yayye mata shida kuwa, ba sai an gaya maka ba, tun yana ɗan tatsitsi ya ƙware a ɗauraya. Aji huɗu ya yi a elemantare, mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya a nan. Saura shekara biyu a sami mulkin kai aka ɗauke shi aiki a wata makarantar sakandare da ke bayan gari, aka miƙa masa farar riga da buroshi mai dogon hannu da makullin ɗakin gwaje-gwaje.

Aikinsa ya wanke kwalabe, ya goge tebura, ya kunna fitilun gas kafin malami ya shigo, ya share gilashin da 'yan makaranta suka fasa. Sai dai wurin wankin nan a bayan aji yake, kunne kuma ba a rufe shi da makulli. Malamai suka zo suka wuce, Turawa da Indiyawa da 'yan Gana da namu na gida, shi yana nan hannu cikin kumfa yana saurare. Darasin da ɗalibi ke ji sau ɗaya ya tafi, Mijinyawa ya ji shi sau goma sha tara. Har ta kai in sabon malami ya kauce a lissafi a kan allo, sai a ji ɗan tari daga baya. Ba ya ƙara komai a kai, tarin ne kawai. Wasu malaman suka ɗauka ciwon ƙirji gare shi, har wani Ba'indiye ya kawo masa magani.

A gida kuwa akwai Huraira. Mace ce gajera mai kuzari, mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida, kuma in ana neman mai baki a unguwar, ba a wuce ta. Tagwaye ta haifa masa, duk sun yi aure, don haka shi yana ce mata Uwar Biyu, ita tana ce masa Baban Biyu. Kullum ya jingine kekensa da la'asar, gaisuwarta ɗaya ce.

"Sannu da zuwa, Baban Biyu. An gama wanke wa gwamnati kwanuka?"

In mata suka tambaye ta aikin mijinta a gidan biki, sai ta ce, "Irin nawa ne, sai dai shi ana ba shi riga." A kwashe da dariya. In labarin ya dawo masa shi ma sai ya yi dariya, amma wallahi abin yana cinsa. Ba wai ba ta sonsa ba ne, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ko tukunya ba ta ɗora ba. Ita dai a wurinta namiji mai wanke-wanke ne Allah ya ba ta, ta kuma karɓa. Lokacin nan kuɗin mai ya shigo ƙasa, sa'o'insa sun sayi babur, wasu rediyo mai kaset, shi ko a jikinsa. Abu ɗaya yake so a duniya, Huraira ta gani da idonta, ko sau ɗaya, cewa akwai wani abu a cikin kan nan nasa.

A saba'in da biyar aka turo musu sabon malamin kimiyya, Wilson, ɗan Mada daga wajen Akwanga, matashi mai tulin suma da wando mai faɗin ƙafa. A makonsa na farko ya rubuta wani lissafi a allo, ya ji tari daga baya. Sai ya ajiye alli ya juyo.

"Baba, ina na ɓata?"

Mijinyawa ya yi wuƙi-wuƙi. Shekara goma sha bakwai yana tarin nan ba wanda ya taɓa amsa masa. Da ƙyar ya nuna layi na uku da buroshinsa. Wilson ya duba, ya dafa kai, ya gyara. Daga ranar suka ƙulla.

Wilson yana samun wata mujallar kimiyya ta gidan waya. Wata rana bayan an tashi, shekara biyu da zuwansa, ya baje ta a tebur ya nuna wani zane, ɗigo baƙi ƙirin da haske ya kewaye shi.

"Baba, ka san tauraro yana mutuwa?"

"Ban taɓa zuwa jana'izar ko ɗaya ba."

Wilson ya yi dariya, ya shiga bayani da Hausarsa ta 'yan Akwanga. Ya ce ƙaton tauraro in makamashinsa ya ƙare sai ya rufta cikin kansa, ya dunƙule, ƙarfin jansa ya yi tsanani har haske ma in ya shiga ba ya fitowa. Masana suna ce masa baƙin rami.

Mijinyawa ya goge hannu a riga. "To in haske ba ya fitowa, da me suka gan shi?"

Wilson ya bugi tebur don murna. Ya ce ai ba a ganinsa, abin da yake ci ake gani. In akwai wani tauraro kusa da shi, sai ramin ya riƙa zuƙo iskar jikinsa. Iskar nan ba ta faɗawa ciki kai tsaye, don a karkace ta taho, sai ta kama kewaya ramin, ta baje a shimfiɗe, layi bayan layi.

"Kamar faifai," in ji Mijinyawa.

"Yauwa, faifai!" Wilson ya ce layin da ke kusa da rami gudu yake kamar zai tashi sama, na bakin waje kuwa a hankali yake tafiya. Tunda gudunsu ba ɗaya ba, sai su yi ta gogar juna. Gugar nan ita ke haifar da zafin da ya fi na kowace maƙera, har faifan ya riƙa fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, na'urorin da aka harba sama su kama. Gugar nan kuma ita ke rage wa na ciki ƙarfin kewayarsa ta miƙa wa na waje, don haka na cikin ya yi ta zamewa kaɗan-kaɗan, har ya isa layin ƙarshe inda babu sauran kewaya, sai faɗawa.

Mijinyawa ya koma wurin wankinsa kansa na juyawa. Ya zare toshiyar kwamin da yake wanke kwalabe a ciki, ya tsaya yana kallon ruwan kumfa yana tafiya. Can sai ya ƙwalla kira, "Malam Wilson! Zo ka ga raminka!" Garin alli ne a kan ruwan yana kewaya hudar, na kusa yana sauri, na nesa yana jan jiki. Nan take suka shirya za su nuna wa iyaye wannan abu ranar raba kyaututtuka, ranar da babban baƙo zai zo daga Jos. Abin da suke bukata kawai kwano mai faɗi, mai santsin ciki, da huda a tsakiya.

Saura mako uku sai ga takarda, wani kamfanin mai a kudu ya ɗauki Wilson aiki. A lokacin haka abin yake, malamin kimiyya ba ya ɗumama kujera. Kafin ya hau mota ya shiga wurin shugaban makaranta ya ce Baba Mijinyawa zai yi nunin. Shugaban ya ɓata fuska, amma an riga an buga takardar tsarin biki, sai ya ce to.

Sai neman kwano. Bokitan makaranta ƙunci gare su, ga lanƙwasa. Bahon kasuwa duk da gurbi-gurbi a gindi. Ƙwarya ta yi ƙarama. Mijinyawa ya karaɗe Keffi da keke bai samu ba, alhali abin da yake nema yana kwana da shi a ɗaki guda, wato kwallar Huraira.

Wanda bai sani ba sai ya ce ai kwano ne. Ba kwano ba ne! Kwallar jere ba a cin abinci a cikinta, ba a wanki, ko ruwa ba ta sani ba. Jera su ake a kusurwar ɗaki, babba a ƙasa, ƙarama a sama, har su kusa taɓa rufi, kuma duk macen da ta shigo sai ta ƙirga su da wutsiyar ido kafin ta gama gaisuwa. Na Huraira gadon mahaifiyarta ne, duk Juma'a sai ta sauke su ta goge. Babbar ta ƙasa fara ce sol, faɗinta ya kai hannu biyu, cikinta sumul, da jan fure a tsakiya.

Ya so ya roƙe ta. Sau biyu yana buɗe baki yana rufewa, don ya san amsar da zai samu da dariyar da za ta biyo baya. Ranar Alhamis ta tafi Agwada sunan jikar yayarta, za ta kwana biyu. Motarsu ba ta gama fita gari ba ya sauke jeren, ya zare babbar, ya mayar da sauran, ya ja baya ya duba, ya ce wa kansa ba za ta lura ba. Kai, namiji!

Ya kai kwallar wurin Ishaku mai facin kwanuka a gefen kasuwa. Ishaku ya juya kwallar, ya ƙwanƙwasa ta, ya kalli mutumin nan sama da ƙasa.

"Shekara talatin ina toshe huda, yau kai ka ce in huda lafiyayyiya? Uwar Biyu ta sani?"

"Kai dai huda min. A tsakiya."

Ya tafi sallar azahar, ya dawo ya tarar an naɗe masa ita a buhu. Sai da ya isa makaranta ya kwance ya ga aikin da aka yi masa. Ishaku ya ɗora ƙusa a kan jan furen nan, zuciyarsa ta ƙi, sai ya matsa yatsa huɗu gefe ya huda a farin wuri, fure ya tsira. Mijinyawa ya ce ai huda huda ce. Ya gwada ranar Juma'a, ruwa ya ƙi yin abin da ya yi a kwami. Ya ce ƙarfin juyi ne bai isa ba, ya je gida ya ɗauko muciya.

Asabar da hantsi filin makaranta ya cika, iyaye a kan benci, baƙon Jos a kujerar gaba da takalminsa mai sheƙi. Aka yi jawabai har mutane suka fara gyangyaɗi, sannan aka kira Mijinyawa. Ya ɗora kwallar a tsakanin benci biyu, bokiti a ƙasa, ya toshe hudar da totuwar masara mai igiya, ya cika ta da ruwa. Ya kama muciya ya tuƙa da iyakar ƙarfinsa, ya watsa dusa a kai, ya fizge totuwa. Ruwa ya yi tambal-tambal, ya fantsama a takalmin baƙo, sauran ya zurare ƙululu, dusa ta manne a gefe. Babu faifai, babu dalilinsa. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya sake cikawa, ya sake tuƙawa, abin ya fi na farko muni. Yanzu kam har da masu riƙe ciki.

Ya ɗago kai yana share zufa, sai ya yi ido biyu da Huraira.

Da safen nan ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ga jerenta ya rage tsawo. Maƙwabciyarta Saudatu ta ce ta ga Baban Biyu ya fita da wani abu mai faɗi a bayan keke. Ba ta tsaya shan ruwa ba ta yanko hanya da ƙafa. Ga ta nan ta ratso tsakiyar iyaye, ƙurar Agwada har gwiwa. Shekara goma sha tara yana roƙon Allah ta zo ta gan shi a wurin aikinsa, sai yau aka amsa masa.

Ta leƙa cikin kwallar ta ga hudar. Ta daɗe tana kallonta.

"Wa ya huda?"

"Ishaku."

"Wa ya sa shi?"

"Ni ne, Uwar Biyu."

Wani daga baya ya sake tuntsirewa. Huraira ta juya ta watsa masa harara har ya haɗiye sauran. Yi wa Mijinyawa dariya haƙƙinta ne ita kaɗai, ba ta kuma taɓa ba wani aro ba. Ta juyo ta rage murya.

"Me kake so ruwan ya yi?"

"Ya kewaya hudar a shimfiɗe, kamar faifai."

"Shi ne kake tuƙa shi kamar tuwo? Ba ni wuri."

Matar da ta shekara ashirin tana rege shinkafa kowace safiya, tana juya ruwa a ƙwarya har tsakuwa ta rabu da ƙwaya, ba za a koya mata halin ruwa ba. Ta karɓe muciyar ta jefar. Ta cire takalminta ɗaya ta cusa a ƙarƙashin gefen kwallar, ta karkata ta har hudar ta zama ita ce wuri mafi zurfi. Ta sa aka cika ruwa. Ta tsoma tafin hannunta ta bi bakin kwallar a hankali, zagaye bayan zagaye, sannan ta zare hannun. Mijinyawa ya kai hannu ga igiya, ta buge shi.

"Bar shi ya natsu tukuna."

Da ruwan ya daina rawa ya rage kewaya kawai, ta barbaɗa dusa da yatsu uku, ta gyaɗa kai. Ya zare totuwar a hankali.

Jama'a, sai ga faifai. Dusa ta baje a kan ruwa layi-layi, ta bakin waje tana tafiya kamar ba ta so, ta ciki tana ƙara sauri, a kan hudar kuma wani ɗan rami baƙi ya buɗe yana shanye duk ƙwayar da ta iso bakinsa. Na baya suka miƙe tsaye, baƙon Jos ya manta da takalminsa ya matso.

Mijinyawa ya buɗe baki. Ya ba su labarin tauraron da ya mutu ya rufta, da maƙwabcinsa da ake zuƙe wa iska. Ya ce su zaɓi ƙwayar dusa ɗaya su bi ta da ido, su ga yadda take matsowa ciki tana ƙara gudu har ta ɓace. Sannan ya ce akwai abin da kwalla ba za ta iya nunawa ba, kowa ya haɗa tafin hannunsa ya goga da sauri. Mutum wajen ɗari biyu suka kama goga hannu, har shugaban makaranta.

"Kun ji ɗumi? To haka layukan can suke gogar juna, sai dai nasu ɗumin har haske yake yi. Da hasken nan aka san ramin yana wurin, shi kansa ba wanda ya taɓa ganinsa."

Baƙon ya ɗaga yatsa. "To abin da ya faɗa ciki, ina yake zuwa?"

"Na kwalla dai yana cikin bokiti, ranka ya daɗe. Na sama kuwa, har masu rubuta mujallar ba su sani ba."

Aka yi dariya, irin mai daɗin nan, aka tafa. Shugaban makaranta ya sanar a take cewa daga yau duk shekara sai an nuna wa 'yan aji biyar. Mijinyawa bai ma ji shi sosai ba, matarsa yake nema da ido. Tana tsaye a gefe da takalmi ɗaya, fuskar nan a murtuke. Da aka watse ta zare takalminta, ta juye sauran ruwan, ta ɗora kwallarta a ka ta yi gaba.

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Abinci dai tana ajiye masa, amma da ƙarfin da sai murfin ya yi tsalle. Ko tsokanar la'asar ɗin nan ta daina, sai ga shi yana kewarta. Mutanen gari suna tare shi a hanya suna ba shi hannu, shi kuwa baƙin ciki ya cika shi. Ta zo, ta gani, kuma abin da ta gani kawai hudar da ya yi wa kayan mahaifiyarta.

A rana ta huɗu da safe, ba Juma'a ba, ya ji ƙarar kwanuka a ɗaki. Ya leƙa ya tarar ta sauke jeren gaba ɗaya. Gabansa ya faɗi, don mace ba ta sauke jere a ranar da ba ta shara ba sai in tafiya za ta yi.

"Uwar Biyu, don girman Allah ki yi haƙuri. Na yi laifi."

"Ka yi, babba ma." Ta zaro kwallar da ke bin babbar ta goge ta da gefen zane. "An ce duk shekara za ka riƙa yi. Ni kuma ba zan riƙa bin ka makaranta ina tsayawa da takalmi ɗaya ba. Sa hularka mu je."

Ishaku na hango su tafe ya fara neman hanyar gudu. Huraira ta dire kwallar a gabansa. Ta ciro tandun kwallinta, ta auna da ɗan zare daga wannan baki zuwa wancan, ta ɗiga baƙi a daidai tsakiya, a kan nata furen.

"Nan."

Ishaku ya ɗauki ƙusa ya ajiye. "Uwar Biyu, furen fa."

"Furen na uwata ne, ba naka ba. Malam yana da darasi, kada ka ɓata masa lokaci."

Ishaku ya waiga yana neman malamin da ake nufi. Mijinyawa ma saura kaɗan ya waiga. Da ya gane shi ake nufi, sai daɗi ya kama shi. Huraira ta durƙusa ta riƙe kwallar da hannu biyu don kada ta goce. Hawaye na bin kumatunta, amma ba ta kau da kai ba.

"Buga mana," ta ce.